Fijon da Malam Ɗayyabu Ya Kwance

A gefen hanyar da ta fita daga Dutse ta nufi Kiyawa akwai wata darbejiya da ƙasar gindinta ta yi baƙi ƙirin da man mota. Nan Malam Ɗayyabu makanike ya yi shekara talatin da 'yan kai yana aiki. Ba allo mai suna, ba rumfar kwano. Wanda motarsa ta ƙi, ya san inda zai turo ta.

Haifaffen Aujara ne. Mahaifinsa manomi ne, ya kuma so ɗansa ya riƙe fartanya, amma tun yana ɗan shekara sha biyar hankalinsa ya koma kan wata Fijo akori-kura, irin tsohuwar nan 404, ta Alhaji Mailafiya mai fataucin gyaɗa. Ya fara da lodin buhuna, ya koma karen mota, daga baya aka ba shi sitiyari. Gyara kuwa hanya ce ta koya masa. Motar da ta mace a dajin Miga da damina ba ta da makanike sai wanda yake cikinta.

Yana da yadda yake aikinsa. In zai kwance inji sai ya shimfiɗa buhu, ya riƙa jera abin da ya cire daga dama zuwa hagu, yadda aka koya masa bin allo yana yaro. In ya zo ɗaurawa sai ya faro daga hagu ya komo. Bai taɓa rubuta komai ba, bai kuma taɓa gama aiki noti ya yi saura a kan buhu ba. Mota ɗaya ce kawai ya kwance bai ɗaura ba, ita ce kuwa wadda ta mai da shi makanike.

Shekara tara ke nan da Alhaji Mailafiya ya aiko masa. Ya ce Fijo ta gaji, yana so a warware ta tun daga kai har ƙafa a maido mata da ƙuruciyarta. Malam Ɗayyabu ya rufe akwatin sifanunsa ya tafi Aujara. Kwana goma ya yi a ƙofar gidan Alhaji yana kwancewa, yana jera kaya a wani ɗaki na cikin zaure, har ya zamana ba abin da ya saura a waje sai gangar jiki a kan duwatsu huɗu. A rana ta sha ɗaya Alhaji ya faɗi a hanyar masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata biyu ya yi a kwance, Allah ya karɓi abinsa.

Ba a buga guduma a ƙofar gidan mara lafiya, balle gidan makoki. Bayan makoki sai takaba. Bayan takaba aka raba gado, aka tsallake motar, don ba wanda ya san yadda ake yi wa tarin ƙarfe ƙima. Ba wanda ya kira Malam Ɗayyabu, shi kuma ya ji nauyin ya je ya ce ga shi ya zo. Shekara ta bi shekara.

Mutane ba sa mantuwa da irin wannan. Duk sanda ya je Aujara suna ko jana'iza, taubashinsa Maharazu maƙeri sai ya ɗaga murya daga cikin maƙera.

"Sannu da zuwa, sarkin kwancewa. Yau me za a warware mana?"

Malam Ɗayyabu yakan yi murmushi ya wuce. Amma ba ya bi ta ƙofar gidan Alhaji. Yakan zaga ta bayan kasuwa, ko da hanyar ta fi nisa.

Bara, damina ta yi tsakiya, Zailani babban ɗan Alhaji ya same shi a gindin darbejiya. Ma'aikaci ne a Dutse, mutum mai ladabi. Ya cire takalmi ya durƙusa suka gaisa, suka daɗe suna zagaye kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Baba, dama kan motar nan ne. Mun yi shawara da 'yan'uwa za mu fitar da shaguna biyu a wurin da take. Na yi magana da wani ɗan gwangwan, ya ce zai zo da abin yankan ƙarfe ya kwashe. Na ce ba zan yi ba sai na sanar da kai."

Malam Ɗayyabu ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannun da ba datti a jikinsa.

"Magina yaushe za su fara?"

"Sai ruwa ya ɗauke. Juma'ar farko bayan an shigo da gero."

"In ta tashi daga wurin da ƙafarta fa?"

Zailani ya dubi ƙasa. Ya san yanar ido ta rufe wa tsohon idon hagu, na daman ma ya fara hazo.

"Baba, kada ka wahalar da kanka."

"Tambaya na yi."

"In ta tashi da ƙafarta, ba mai yanka ta."

Washegari Malam Ɗayyabu ya bar wa maƙwabcinsa mai faci amanar wurin, ya hau mota zuwa Aujara. Wannan karon ta ƙofar gidan Alhaji ya bi.

Gangar jikin tana nan a kan duwatsunta, kaji sun yi mata ɗaki. Aka buɗe masa ɗakin zaure. Inji na nan, giyabos na nan, don ba mai iya ɗaga su shi kaɗai. Gwangwanayen da ya zuba notuna su ma ba a taɓa ba. Sauran buhunan kuwa, rabi a shimfiɗe suke ba komai a kansu.

Hajiya Lauratu, matar marigayin, ta sa aka kawo mata kujera bakin ƙofa. Ta tsufa ta wuce ɓuya.

"Ɗayyabu, ba sata aka yi ba," ta ce. "Aro ne. Ka san garin nan, ƙarfe ba ya zaman banza."

Ta shiga lissafo masa. Ƙofar hagu tana gidan wanzami, ita ce ƙyauren garken awaki. Kujerar gaba tana wurin mai shayi. Wili ɗaya, ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, ya zama murhun mai ƙosai. Fitila ɗaya ta tafi Miga a kan wata amalanke ba ta dawo ba. Murafen taya kuwa, ita kanta a ciki kajinta suke shan ruwa.

"Sifirin fa? Dogayen ƙarafan nan na ƙasa?"

"Wannan sai ka tambayi ɗan'uwanka."

Maharazu bai ko musa ba.

"Sun zama fartanya goma sha huɗu da gatari biyu," ya ce. "Shekara takwas suna ciyar da mutane. Kai me ka ciyar da su a ɗaki, gara?"

"Allah ya isa ba ta kama taubashi, shi ya sa."

"To ka gani. Zauna in sa a kawo maka fura, ka yi kuka da ƙarfi."

Malam Ɗayyabu bai bi gida gida yana tambayar kaya ba. Ba halinsa ba ne, kuma aron da ya shekara tara ba a zuwa a ce a bayar. Sai ya kafa rumfar zana a gefen gangar motar, ya fito da injin, ya zuba kananzir a daro ya fara wanki. Kullum da ya dawo daga sallar asuba sai a ji ƙarar guduma kaɗan kaɗan. Kwana huɗu ana jin ta. A na biyar wanzami ya zo ɗauke da ƙofa a ka, ya jingine ta, ya ce dama ajiye ta ya yi don kada ruwa ya ɓata ta. Malam Ɗayyabu ya yi masa godiya sosai, bai ce komai ba game da gefen da awaki suka goge da ƙaho. Mai shayi ya kawo kujera ya ce ta cika masa wuri. Mai ƙosai ta aiko da wili, ya sha wuta har ya murɗe, ya mayar mata da abinta, ya sa na safaya a madadinsa. Maharazu ya ɓace kwana biyu, ya dawo daga Haɗeja da sifirin na wata matacciyar Fijo, ya jefar da su a gaban rumfa.

"Kada ka ce na kyauta. Surutunka nake gudu."

Aikin ya tafi a hankali. Abin da ido ya kasa, yatsa ya riƙa gani. Yakan ɗauki noti ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya san ramin da ya fito. Ya sa sababbin zobba a fistin, ya yanka gaskit da hannunsa, ya kai lagireto, tankin ruwan inji, Jahun aka toshe inda yake yoyo. Wayoyi ne suka fi ba shi wuya, don beraye sun ci launinsu, sai da ya bi kowace daga tushe zuwa ƙarshe kamar mai warware zaren saƙa. Gero ya yi kai, ya fara nuna. Wata Talata da hantsi ya ɗura fetur a kafireto, ya haɗa batir, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Hayaƙi ya cika ƙofar gida, kaji suka watse. Hajiya Lauratu ta leƙo, ta ga motar, ta koma ciki.

Amma kukan inji ba tafiya ba ne. Akwai wani dogon ƙarfe mai kama da bututu da yake ɗaukar juyin inji ya kai wa tayoyin baya, makanikai suna ce masa farfela. Ba ta cikin ɗaki, ba kuma wanda ya kawo ta. Ya jira har sati, sannan ya tambayi Hajiya.

Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta.

"Dogo, mai nauyi, kamar taɓarya biyu?"

"Shi."

"Ranar sadakar arba'in ɗin Alhaji aka ce itacen da yake gicciye a bakin rijiyar masallaci ya ruɓe. Na shiga ɗakin nan na ga bututu a jingine. Na ce a kai, Allah ya kai ladan kabarinsa." Ta ɗago kai. "Ban san ƙafar motar ce na bayar ba."

"Allah ya kai masa," in ji Malam Ɗayyabu. "Kin yi daidai, Hajiya."

Ya je ya gani. Farfelar tana kwance a kan bakin rijiya, an binne kawunanta biyu a siminti. A kanta ake zura igiyar guga a ja. Tsakiyarta ta yi sheƙi kamar azurfa, igiya ta yi mata ɗan kwari. Ya shafa ta da tafin hannu, ya yi alwala, ya shiga masallaci.

Ya tafi Kano, kasuwar kayan mota. Ya yini yana zagaya rumfuna. Samarin wurin wasu ba su taɓa ganin irin motar ba. A ƙarshe wani dattijo ya zaƙulo masa ta ƙanwarta, 504, ya ce ya gwada sa'a. Ya ɗauko ta a kan motar haya har Aujara. Da ya shiga ƙarƙashi ya gwada, tsawon bai zo ɗaya ba, bakin ma ba irinsa ba ne. Ranar an fara yankan gero. Saura kwana goma sha biyu.

"Je ka gaya wa Liman," in ji Maharazu. "Ƙarfenka ne."

"Ba nawa ba ne. Ba na Hajiya ba ne ma yanzu. Da wane baki zan ce a cire wa mamaci sadakarsa?"

"To mu ce ya yi tsatsa, zai karye da mutane."

"Ka ga tsatsa a jikinsa?"

"Kai dai da gaskiyarka za a yanka motar nan a auna ta a sikeli."

Kwana biyu Malam Ɗayyabu bai taɓa sifana ba. Bayan la'asar yakan zauna a dakalin masallaci kusa da Liman Habibullahi, suna kallon masu ɗiban ruwa. Rijiyar tana da zurfi, gaba goma sha wani abu. Wata tsohuwa ta ja guga ya kai rabi, ta danne igiyar da ƙafa ta tsaya tana huci, tana duba tafin hannunta.

"Igiya nawa kuke ci a shekara, Allah gafarta Malam?" in ji Malam Ɗayyabu.

"Huɗu. Wani lokaci biyar. Ƙarfen yana cin ta, ita ma tana cin sa."

"Haka ne."

Liman ya dube shi ta gefen ido, ya jira ko zai ƙara wani abu. Suka koma zancen gero.

Da safe Malam Ɗayyabu ya ja farfelar da ya sayo a Kano ya kai maƙera. Ya nemo wilin babur da boris guda biyu, zoben ƙarfen nan da taya take juyi a kai. Ya zana wa Maharazu abin da yake so a ƙasa da tsinke.

"Saura kwana goma, kai kuma ka koma gyaran rijiya?"

"Hura wutar."

Kwana shida aikin ya ci. Suka kafa ginshiƙai biyu a gefen rijiya, suka gicciya sabon ƙarfen a sama daidai tsayin mutum, wilin babur a tsakiyarsa yana juyi a kan boris, igiya ta bi ta kwarinsa. Tsohuwar farfela ba su ko taɓa ta ba, tana nan a ƙasa inda take. Ko ya yi hakan da wata manufa, ko hannun tsohuwar nan ne kawai ya tsaya masa a rai, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Bai faɗa wa kowa ba. Da suka gama ya wanke hannu ya koma rumfarsa ya zauna.

Ranar har waɗanda randunansu suke cike sai da suka zo ɗiba. Guga yana tahowa kamar ana turo shi daga ƙasa. Sai dai duk sanda ya iso baki sai ya bugi tsohon ƙarfen, rabin ruwan ya koma inda ya fito. Kafin azahar ta washegari guga biyu sun fashe, mata sun aika wa matar Liman, matar Liman ta isar.

Liman Habibullahi ya yi sallama a zauren Alhaji, aka kira Hajiya Lauratu, aka kira Malam Ɗayyabu.

"Hajiya, tambaya ce da ni. Ran da kika yi wa marigayi sadaka, ƙarfe kika nufa ko ruwa?"

"Ruwa mana, Malam. Wa zai sha ƙarfe?"

"To ruwa yana nan yana fita, ya ma fi da. Ke ba ki da ikon karɓar abin da kika bayar, shi ma ba shi da ikon roƙa, bai kuma roƙa ba. Amma rijiya tana da ikon ta sake abin da ya tsufa da wanda ya fi shi." Ya juya. "Malam Ɗayyabu, akwai wani ƙarfe yana fasa mana guga. Ko za ka taimaka ka raba mu da shi?"

Malam Ɗayyabu ya sunkuyar da kai.

"In an sa ni, sai in yi."

"An sa ka."

Yini guda ya yi da kurfi da guduma yana ɓanɓarar siminti a hankali, kamar mai fitar da ƙaya daga ƙafa. Ya jiƙa kawunan a kananzir, ya kankare, ya sa musu gaɓoɓinsu da suka shekara tara a gwangwani cikin giris. Ranar Alhamis da yamma ya kwanta a ƙarƙashin mota, Maharazu yana riƙe masa ɗaya gefen yana mita. Notuna suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi gardama.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Zailani ya iso, ɗan gwangwan yana biye da shi a kan babur mai kaya. Suka tarar an janye duwatsu, Fijo tana tsaye a kan tayoyinta huɗu. Ba fenti, ƙofar hagu ta fi ta dama duhu, fitila ɗaya ce. Mutane sun taru a inuwar katanga, kowa yana yi kamar wucewa yake.

Malam Ɗayyabu ya miƙa wa Zailani makulli.

"Baba, ai kai ya kamata."

"Idona ba ya kai wa bakin titi. Shiga. Giyar a jikin sitiyari take, ka jawo ta wajenka ka yi ƙasa. Kada ka yi mata gaggawa, ba ta san ka ba."

Hajiya Lauratu ta fito da mayafinta na zuwa unguwa, ba wanda ya kira ta, ta buɗe ƙofa ta zauna a gaba. Zailani ya murɗa makulli. Sau biyu ta ƙi, a na uku ta kama. Ya saki kuloci a hankali. Motar ta yi wata girgiza, ta tsaya kamar mai tunani, sannan tayoyin baya suka juya. Ta gangara daga wurin da ta shekara tara, ta bar ƙasa mai laushi da gashin kaji.

Ɗan gwangwan ya matso bakin taga.

"Yallaɓai, ni fa?"

"Akwai ruɓaɓɓen salansa da gwangwanaye a zaure, ka kwashe," in ji Zailani. Hannunsa biyu suna kan sitiyari, bai dube shi ba. "Wannan ba ta yanka ba ce."

Malam Ɗayyabu da Maharazu suka hau baya, suka zauna a kan buhu. Suka wuce maƙera, suka wuce mai shayi, suka hau hanyar Jahun. Gonaki sun yi fili, an jera dammunan gero a gefen hanya. Da motar ta ɗan ɗauki gudu sai ƙasanta ya fara rawa, daidai inda igiya ta ci.

"Haƙorana za su zube," in ji Maharazu.

"Guda nawa suka rage?"

Bai jira amsa ba. Ya karkata kai gefe, ya rufe idon da yake gani da shi, ya kasa kunne. A ƙarƙashin kukan inji da rawar farfela akwai wata 'yar ƙara siririya daga tayar baya ta dama, tana zuwa tana ɗaukewa. Ya saurare ta har suka wuce gona biyu. Sannan ya ƙwanƙwasa rufin da bayan hannu, ya sunkuya wajen taga.

"Zailani, in ka kai tsamiyar can ka ɗan tsaya. Hajiya, akwai sifana mai lamba sha uku a ƙarƙashin ƙafarki, miƙo min ita."